Mabuɗi ɗaya a hannun mutum tara: abin da ya faru a wani shagon sari a Garwa

Saura kwana goma a kama azumi aka kira ni wani shagon sari da ke bakin babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Sana'ata saka wa 'yan kasuwa manhajar lissafi da gyara ta in ta ƙi, shi ya sa na ɗauka na'ura ce ta mutu. Da na je na tarar da kwamfuta lafiyarta ƙalau, zaman mutanen gidan ne ya yi tsami. An yi ƙidayar kaya, akanta ya ce buhu 212 na shinkafa da sukari sun yi ɓatan dabo cikin wata takwas, ido kuma duk ya koma kan dattijon da ke riƙe da makullin sito. Ba zan faɗi sunan shagon ba, ko na mutanensa.

Kayan Alhaji mai shagon daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke tasowa. Jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su ɗauko zuwa Garwa. Wani kaso ya sauka a sito, wani ya wuce reshensa na Marwa. Masu sari suna zuwa daga Pitowa da Gider da Figil, har da 'yan Cadi masu bi ta Kusiri su haye gada zuwa Njamena. Mutum tara ne ke taɓa kwamfuta a gidan: masu sayarwa uku, yarinya mai karɓar kuɗi, akanta wanda a nan muke ce wa kontabul, mai riƙe da reshen Marwa, ɗan yayar Alhaji, ƙanin Alhaji, sai shi Alhajin. Duka taran da suna ɗaya suke shiga, wato admin, babban mabuɗin da wanda ya saka manhajar ya bari ya koma Duwala. Lambar sirrin, wadda yaran shago ke ce wa kod, lambar motar Alhaji ce. An rubuta ta da biro a jikin kalandar bango, don kada wani ya manta.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne adadin da ke cikin kwamfuta ya yi daidai da abin da ke jibge a sito, buhu da buhu. Akanta bai ga giɓin a kwamfuta ba. Takardun direbobi ya ɗauko, ya tara duk abin da aka sauke, ya cire abin da kuɗinsa ya shigo da abin da aka rubuta bashi, sai lissafi ya ƙi haɗuwa. Ashe duk ƙarshen wata ɗan yayar Alhaji yakan zagaya sito ya ƙirga, ya dawo ya gyara adadin kwamfuta ya dace da abin da ya gani, bambancin kuma ya jefa shi a gurbin kayan da suka lalace. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Ai Kawu ba ya son ya ga lissafi ya saɓa." Yaron ba ɓarna yake nufi ba. Amma da wannan gyaran nasa, kwamfuta ta zama mai gaskata duk abin da sito ya faɗa, ko da an kwashe rabinsa da dare.

Baba mai sito ya shekara 17 tare da Alhaji, tun shagon yana rumfar kwano. Ba ya ko taɓa kwamfuta, karatunsa na allo ne, manhajar kuma da Faransanci take. Na same shi zaune a kan benci a ƙofar sito, makullai a cinyarsa. Ya ce da ni, "Yaro, in na'urar nan tana magana, ka tambaye ta. In ba ta yi, a kawo Alƙur'ani in dafa." Tun safe ya aika wa Alhaji cewa zai ajiye makulli bayan sallah.

Na'urar tana magana, sai dai amsa ɗaya take bayarwa. Kowace manhajar kasuwanci ta kirki tana da kundin da nake kira littafin sawu, inda take rubuta wanda ya yi abu, da abin da ya yi, da lokacin. Na buɗe shi. Rasit 63 aka goge a wata takwas ɗin. An canza farashi bayan an riga an buga rasit fiye da sau ɗari. A gaban kowane layi suna ɗaya ne: admin. Na ce to bari in bi lokaci, in ga wa ke bakin aiki a sa'ar. Nan ma ban tsira ba. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon babbar kwamfutar ya daɗe da mutuwa, duk sa'ad da aka ɗauke wuta agogo ya koma baya, sai wani yaro ya saita da hannu in ya tuna. Akwai rasit da littafin ya ce an goge shi ƙarfe uku na dare, a shekarar da ba a ma buɗe shagon ba.

Na kuma tarar da wata ƙofa a buɗe. Mai saka manhajar ya bar wata ƙaramar manhaja ta shiga daga nesa, don ya riƙa gyara ba sai ya zo ba, ita ma lambar motar ce a kanta. Wani tsohon mai sayarwa da ya bar aiki ya koma Njamena ya san da ita. Ban ga alamar ya taɓa shiga ba, kuma ba ni da hanyar cewa bai shiga ba. Kamaru tana da doka kan laifukan intanet tun Disamba 2010, wadda ta tanadi hukunci ga mai kutsawa na'urar wani ba da izini ba. Amma wa za ka kai ƙara, alhali kai ka rubuta lambar a bango?

Tunda na'ura ta kasa, sai muka koma kan mutane. Kwana huɗu ni da akanta muna zama da su ɗaya bayan ɗaya, muna bin rasit ɗin da aka goge. A nan ne labarin ya canza kama. Buhu 96 Alhaji ne da kansa ya ce a fitar: na malamai, na marayu, na 'yan uwa a ƙauye. Da baki yake ba da umarni, Baba ya fitar, kuma da yake manhajar ba ta da gurbin sadaka, ƙarshen wata suka faɗa cikin kayan da suka lalace. Buhu 41 bashi ne da ya yafe wa wani surukinsa da wasu tsofaffin abokan ciniki biyu, ya ce a goge rasit ɗin kada 'ya'yansa su bi su wata rana. Buhu 28 ruwan damina ne ya jiƙa su da gaske, kowa ya tuna ranar. Yarinya mai karɓar kuɗi ta amsa cewa ta goge rasit da dama, don in mai sayarwa ya yi kuskure ba ta san wata hanya ba sai gogewa a sake, waɗannan kuwa ba su taɓa adadin kaya ba. Saura buhu 47. Su kam babu wanda ya san inda suka bi.

Alhaji ya so in ba shi suna. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, in na ba ka suna ƙarya na yi. Mutum tara ne ke da mabuɗin, da na goma a Njamena, da na sha ɗaya a Duwala. Abin da zan iya shi ne in hana a sake shiga irin wannan duhun." Ya yi shiru, sannan ya ce abin da na sha ji a bakin 'yan kasuwa: "Yaran nan duk nawa ne. In na raba musu kod, ai na ce ban yarda da su ba ke nan." Akanta ne ya ba shi amsa, ya nuna ƙofar sito da haɓa. Ya ce, "Ga wanda ka fi yarda da shi can, yana shirin ajiye makulli. Da yana da nasa kod ɗin, da tuni ya wanke kansa."

Ni a ganina wannan ita ce maganar da ake tsallakewa. Ana ɗaukar raba izini a matsayin tarkon ɓarawo. Ɓarawo kam yana samun hanya ko ta ina. Wanda mabuɗin tarayya ya fi cuta shi ne mai gaskiya, don ranar da abu ya ɓata ba shi da shaidar da zai nuna sai rantsuwa.

Ban fara da manhaja ba. Takarda na ɗauka na tambayi kowa abin da yake yi daga buɗe shago zuwa rufewa, na rubuta. Izinin kuma ban ɗaura shi a kan mutum ba, a kan kujerar da yake zaune na ɗaura, ta yadda in wani ya tafi wani ya zo, sabon zai gaji izinin kujerar ba tare da an sake tsari ba. Manhajoji irin su Sage da Odoo duk suna da wannan, tasu ma tana da shi, ba a taɓa buɗe shafin ba ne kawai. Mai sayarwa zai rubuta rasit amma ba zai taɓa farashi ba, kuma ba zai ga nawa aka sayo kaya ba. Wannan na biyun ya yi wa Alhaji daɗi fiye da komai, don ya daɗe yana mamakin yadda maƙwabtansa a kasuwa ke sanin ribarsa. Mai karɓar kuɗi za ta shigar da biya, na hannu ko na MTN Mobile Money da Orange Money, amma ba za ta rubuta rasit ko ta soke shi ba. Akanta yana ganin komai, ba ya fitar da kaya, ba ya taɓa aljihun kuɗi. Na Marwa ba ya ganin komai sai na Marwa. Gyaran adadin kaya kuma ya koma aikin mutum biyu, ɗaya ya nema ya faɗi dalili, wani dabam ya amince.

Na gaya wa Alhaji cewa wasu masana kwamfuta biyu a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun rubuta tun 1975 cewa kowa a ba shi iyakar izinin da aikinsa ke bukata, kada a ƙara. Ya yi dariya ya ce mahaifinsa da ke fataucin goro bai san su ba, amma bai taɓa barin mai riƙe jakar kuɗi ya riƙe makullin rumbu ba. Na ce to shi ɗin muke so mu mayar cikin na'ura.

Inda aka kai ruwa rana shi ne batun gogewa, don na cire wannan izinin daga hannun kowa, har shi. "Kayana, kuɗina, na'urata, ka ce ba zan goge ba?" Akanta ya sake shiga tsakani. Kamaru da Cadi duk suna cikin OHADA, ƙungiyar da ta daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, kuma dokar lissafin kuɗi ta ƙungiyar ta ce in da kwamfuta ake riƙe littattafai, abin da aka shigar aka tabbatar ba a goge shi, ba a canza shi, sai dai a yi wani rubutun da zai gyara shi, takardu kuma a ajiye su shekara 10. Ga kuma masu haraji. Kayan da ke ɗauke da TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, kashi 19.25 cikin ɗari ake caji, in mai bincike ya ga lambar rasit ta yi tsalle daga wannan zuwa waccan sau 63, ba zai tsaya jin labarin suruki ba. Sai muka buɗe gurbi biyu sababbi, ɗaya na sadaka da kyauta, ɗaya na bashin da aka yafe. Alhaji ya kafa sharaɗi: ba ya so yaran shago su san wa ya ba, ko nawa. Muka rufe gurbin biyu, ba mai ganinsu sai shi da akanta. Sai a ranar na lura cewa gogewar da yake yi sutura ce yake yi wa mutane, ni kuma da na zo da niyyar hana shi ban tanadar masa wata hanyar suturar ba sai da ya tambaya.

Baba mai sito ma ya samu nasa. Na rage masa fuskar manhajar ta koma maɓalli biyu, kaya sun shigo, kaya sun fita, a wata tsohuwar waya mai babban gilashi. Lambar sirrinsa ya rubuta ta da ajami a 'yar takarda ya soke a cikin hularsa. A ƙa'ida ba a rubuta lambar sirri. Na duba hular, na duba kalandar bango, na yi shiru.

Daga nan sai nawa kuskuren. Na ɗaure tsarin tamau: ko ragin sefa 100 a buhu sai Alhaji ya amince da kod ɗinsa. Mako biyu bayan sallah ya tafi Duwala, ya hau jirgin dare daga Ngaundare, wayarsa ba ta shiga. Wani babban abokin ciniki daga Cadi ya iso da mota, yana son buhu 300 da ragin da aka saba yi masa, direba na ƙorafin dare zai yi masa kafin Marwa. Ba wanda ke iya rage ko sisi. Da waya ta shiga da asuba, Alhaji ya karanto kod ɗinsa a saƙon murya na WhatsApp ya tura wa mai sayarwa. Kafin ya dawo mutum huɗu sun haddace shi. An gudu gara an faɗa gidan zago, don yanzu duk abin da aka yi da sunan Alhaji yake fita, wanda ya fi admin muni. Laifina ne. Na tsara izini kamar mai shago ba ya tafiya, kamar ciniki a kasuwar Garwa ba da tayi da ragi ake yinsa ba.

Muka sake zama. Mai sayarwa ya samu damar ragi har wani ɗan mizani da Alhaji ya yanka, abin da ya wuce haka sai babban mai sayarwa ya amince, abin da ya wuce nasa sai Alhaji. Aka ƙirƙiro kujerar wakili, wadda ake kunnawa in zai yi tafiya, da ranar da za ta mutu da kanta. Alhaji ya canza kod, na roƙe shi kada ya zama lambar mota ko ta waya. Kwamfuta tana kulle kanta in an bar ta minti biyar, saboda lokacin azahar kowa tashi yake ya bar ta a buɗe. Da minti biyu na sa, yarinya mai karɓar kuɗi ta ce in ban ƙara ba za ta jefa ni da ita. Babban mabuɗin admin aka canza shi, aka rubuta a takarda, aka liƙe a ambulan, yana cikin akwatin ƙarfen Alhaji. Manhajar shiga daga nesa na cire ta. Nawa sunan ma a kashe yake, sai sun kira ni akanta ya kunna, in na gama ya kashe, abin da na taɓa kuma yana cikin littafin sawu kamar na kowa. Batirin agogo, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, shi na fara canzawa.

Duk farkon wata akanta yana buga jerin masu shiga, shi da Alhaji su duba: wa ya bar aiki, wa ya canza kujera, wa ke da izinin da ba ya amfani da shi. A zama na biyu suka ga ɗan yayar Alhaji, da aka mayar da shi Marwa, yana riƙe da izinin Garwa da na Marwa duka. Haka izini yake taruwa a hannun mutum, ana ƙara masa ba a ragewa.

A ƙidayar da aka yi bayan wata uku, buhu 6 na sukari suka yi ƙasa. Ba a kai la'asar ba aka gano su. Littafin sawu ya nuna Baba ya fitar da 50 zuwa Marwa, na Marwa ya shigar da 44, aka buga waya, ashe shidan suna bayan buhunan fulawa, ba a ƙirga su ba. Baba bai ajiye makulli ba. Yanzu duk wata sai ya sa an buga masa shafinsa, ko da yake ba ya karanta shi, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Buhu 47 na farko dai har yau ba a san makomarsu ba. Alhaji ya ce ya bar wa Allah, ya hana a sake tayar da maganar.

Abin da ban iya warwarewa ba shi ne ƙanin Alhaji. Ba shi da kujera a shagon, ko in ce duk kujerun nasa ne. Yakan sayar, yakan karɓi kuɗi in layi ya yi tsawo, yakan aiki direba, yakan ba da bashi. Da na tambaye shi aikinsa don in rubuta, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka tambayi Yaya." Na tambayi Yayan, ya ce in ba shi duk abin da ya dace, kada dai in ɓata masa rai. Na buɗe masa suna da izinin babban mai sayarwa, na kai masa kod a rufe har inda yake zaune. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya yi godiya. Abin da yake yi yanzu shi ne ya tsaya a bayan yaron da ke kan kwamfuta ya ce rubuta kaza, rage kaza, yaron kuma ba shi da bakin cewa a'a ga ƙanin mai gida, sai abin ya fita da sunan yaron. Na gaya wa Alhaji sau biyu. Ya ce zai yi masa magana bayan bikin 'yarsa. An yi bikin tun kafin damina. A jerin da akanta ya buga farkon watan nan sunansa na nan a layi na uku, a gabansa manhajar ta rubuta cewa bai taɓa shiga ba.